'Yar Fari Cikin Rigar Makaranta

Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba ce. Aikina a ƙaramin asibitin nan na Abakpa shi ne in tsaya tsakanin mai ciwo da mai magani, in ɗauki maganar wannan in kai wa wancan. Da can Turanci nake koyarwa a sakandare, har maƙogwarona ya gaji, haƙurina ma ya riga shi gajiya. Likitocin da ake turo mana yawancinsu 'yan bautar ƙasa ne daga kudu, Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "ina ke ciwo" ba. Mai ciwo kuwa in ya fara bayani tun daga ranar da ya ci wake zai faro.

Kafin in kama aikin sai da aka tura mu kwas. Wadda ta koyar da mu wata dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar nas, Hausarta ta fi tawa zaƙi, abin har haushi ya ba ni. Ta ce mana kada mu ƙara, kada mu rage, ko zagi aka yi mu kai shi yadda yake. Ra'ayinmu kuwa mu bar shi a gida tare da tukwane. Ta ce abu guda ne kawai zai ba mu izinin sa baki: in muka ga al'ada za ta sa a ɗauki magana a karkace. To a nan sai mutum ya ɗaga hannu ya ce, "Mai fassara ce ke magana yanzu," ya yi bayani, ya koma gefe. Na ce a raina, oh ni, haifaffiyar Unguwar Kanawa, yau ni ake koya wa ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya.

Ranar da abin ya faru ina bayan asibitin ina sallar azahar. Ina cikin tahiya na fara jin hayaniya daga bakin titi. Da farko na ɗauka masu keke-napep ne ke rigimarsu ta kullum a kan fasinja. Sai na ji muryar mace ta yi ƙara sau ɗaya, ta yanke. Ina sallamewa babbar nas ɗinmu ta faɗo ɗakin ba ko sallama, ta ce, "Anti, taso, za su kashe wata mata!"

A guje muke tana ba ni labari guntu-guntu. Keke-napep ne ya buge wata yarinya a kwanar da ke fita Unguwar Sarki. Wata Bafulatana mai tallan fura da nono ta sunkuto ta, mai keken ya kawo su ƙofar asibiti, ya sauke su, ya tsere. Yarinyar ba za ta wuce shekara shida ba, ba ta cikin hayyacinta, jini ta hanci ta kunne. Kuma sanye take da rigar wata makarantar kuɗi, har da bajen makarantar a ƙirji. Matar kuwa ga ta nan yadda kowa ya san su: 'yar ƙaramar riga, duwatsu a wuya, zane a gefen baki, ƙwarya a ka.

Likitarmu a lokacin wata yarinya ce 'yar kudu, mai kirki, mai zafin nama, ba ta daɗe da zuwa ba. Ta karɓi yarinyar ta fara aiki, tana tambaya da Turanci wace ce uwar, yaya sunan yarinyar. Aka leƙa aka ga ba na nan. Sai wani mutum da ke layin awon hawan jini ya miƙe ya ce shi zai fassara. Ma'aikacin ofis ne, da biro a aljihun gaba, Turancinsa kuma ba laifi.

Ya ce da matar, "Ke, 'yarki ce?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba tawa ba ce. Ta tsohuwa ce."

"Yaya sunanta?"

Ta ja gefen zane ta rufe baki, ta kau da kai.

Da ya tsaya a nan ya faɗa wa likita abin da ya ji, da da sauƙi. Amma sai ya ɗora nasa. Ya ce wa likita matar ta ce ba 'yarta ba ce, ba ta ma san sunanta ba, kuma a dubi rigar da ke jikin yarinyar, ai irin mutanen nan ne ke kwashe 'ya'yan mutane su kai daji. Daga baya na ji cewa an tare ƙaninsa a hanya an shiga daji da shi, har yau babu labari. Na tausaya masa a kan wannan, amma ban yafe masa abin da bakinsa ya yi ba. Likita ta firgita ta ce a kira 'yan sanda. Shi kuwa bai jira 'yan sanda ba, ya fita bakin ƙofa ya kwarma ihu, "Ɓarauniyar yara!"

Kowa ya san Kaduna a shekarun nan. Babu layin da ba a taɓa ɗauke wani nasu ba, ko ɗan uwan wani nasu. Mutane na yawo da wuta a ciki, kalma ɗaya suke jira.

Da na fito, sun riga sun ja ta har tsakiyar titi. Wallahi ban taɓa ganin mutane sun taru da sauri haka ba. Masu keke, masu shago, 'yan ga-ruwa, har da mata da goyo. Ƙwaryarta ta fashe, nono ya malale a kwalta, ana tattaka shi. Tana durƙushe ta rufe kai da hannuwa. Wani ya zabga mata katako a gadon baya, na ji ƙarar daga inda nake. Wani ya sa ƙafa ya haure ta a baki. Wata mata, mace 'yar'uwarta, ta cire takalmi mai tsini tana sara mata a ka tana cewa, "Ina kika kai sauran? Ina kika kai sauran?" An tsinke duwatsun wuyanta sun watse. An fizge ɗan kunnenta tare da naman kunnen. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba, numfashi kawai take ja kamar saniyar da aka kayar.

Sai na ga mai facin bakin layi yana gangaro da tsohuwar taya, bayansa wani ɗan bumburutu da galan ɗin fetur.

Ban san lokacin da na shiga cikinsu ba. Ni mace ce mai jiki, kuma na yi shekaru ina tsawata wa aji mai cike da ƙattin yara, muryata ba ta wasa ba ce. Na dinga ture su ina zagi. Na zagi iyayensu, na zagi kakanninsu, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba. Na ce, "Matsiyata! Wa ya tambaye ta? Wa ya ji daga bakinta?" Na faɗa a kanta na rufe ta da jikina. Sanda ta sauka a kafaɗata, hannun ya mutu nan take. Dutse ya same ni a saman gira, jini ya rufe mini ido ɗaya, tabon yana nan har gobe. Na ji sanyin fetur a bayan hijabina, warinsa ya cika mini hanci. Na ce to, yau ko ni ko su.

Babbar nas da tsohon mai gadinmu ne suka kamo ƙafafun matar, ni na riƙe hammatarta da hannun da ya rage, muka ja ta a ƙasa kamar buhu har cikin baranda. Mai gadi ya turo ƙofar ƙarfe ya danna sakata. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Gilashin tagar ɗakin magani ya tarwatse. Suna jijjiga ƙofar suna cewa a fito da ita ko su ƙone asibitin da mu duka.

Likita ta fito daga ɗakin da yarinyar take, safar hannunta duk jini. Ta ce mini da Turanci in tambayi matar daga ina ta ɗauko yarinyar. Na tambaya yadda ta faɗa, ban canza komai ba. Matar ta tofar da jini da guntun haƙori, ta ce, "Daga ruga muka taho tare."

Na ce, "Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Ta kau da kai. Ta ce, "Ta tsohuwa ce."

A nan ne na dube ta sosai. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai talatin ba. Kuma duk dukan nan da ta sha, idonta ɗaya da ya rage a buɗe ba ya kan ƙofar da ake jijjigawa, yana kan labulen ɗakin da yarinyar take. Na san kau da kan nan. A gidanmu na tashi da shi.

Ni 'yar fari ce. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan". In baƙuwa ta tambaye ta ko ni 'yarta ce, sai ta ce ai ni ta kakata ce, ta shiga wata magana. Ina ƙarama na sha kuka a bayan ɗaki a kan wannan. Mu a birni abin ya yi sauƙi yanzu, 'yan matan yau har a waya suke sa hoton ɗan fari. Amma a ruga kunyar nan tana nan da ƙarfinta.

Na ɗaga hannuna mai rai, jini na ɗiga daga gwiwar hannun, na ce da Turanci, "Likita, mai fassara ce ke magana yanzu." Na ce mata a wajen mutanen nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta amsa cewa nata ne a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tsohuwar da take faɗa kakar yarinyar ce, don ita ake ba wa ɗan fari. Na ce ban tabbatar ba, amma ina kyautata zaton uwar ce wannan. Likita ta dafe kai da hannu biyu, ta bar jini a goshinta. Ta ce, "To rigar fa?" Na juya na tambaya. Matar ta ce wata Hajiya ce a Unguwar Sarki da take saya mata nono ta ba ta, ta 'yarta ce da ta yi mata kaɗan.

Kwance ne kawai. Kayan da kowace mace a garin nan take bayarwa in 'ya'yanta sun girma.

Na je bakin ƙofar ƙarfen na faɗa musu. Wasu suka yi ihu wai an saye ni. Sai wani dattijo mai sayar da goro a bakin masallacin layin ya matso gaba, ya ɗaga hannu aka ɗan lafa. Ya ce, "Hajiya, magana ɗaya ce. In 'yarta ce, ta zo nan ta faɗa da bakinta, ta kira sunan yarinyar, ta rantse. Sai kowa ya watse."

Na ce, "Baba, kai ma? Kai da furfurarka ba ka san kunyar ɗan fari ba?"

Ya ce, "Na sani. Amma yau ba ranar kunya ba ce."

Gaskiya ya faɗa, ni ma haka na gani. Na koma na durƙusa a gabanta. Na ce, "'Yar'uwa, ki dubi girman Allah. Kalma biyu ce. Ki ce tawa ce, ki faɗi sunanta. Ga fetur can, ƙone ki za su yi."

Ta ce, a hankali, da leɓenta da ya kumbura, "Hajiya, a gaban maza?"

Kai! Wallahi saura kaɗan in kwaɗa mata mari a kan raunukanta. Na ce, "Kunyar banza kunyar wofi! Za ki mutu ki bar ta a kan kunya?" Ƙofa na ta ƙara, sakatar ta fara lanƙwasa. Na tashi na rasa inda zan sa kaina. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a cikin masu jijjiga ƙofar nan na tabbata akwai waɗanda iyayensu mata ba su taɓa kiran sunansu ba.

Sai matar ta kamo bakin zanena. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Ta ce, "A duba bayan kunnen hagu. Akwai tabon ƙuna, garwashi ne ya yi tsalle tana rarrafe."

Na tsaya. Sannan na gane. Na juya na faɗa wa likita da Turanci, kalma da kalma. Likita ta ruga ciki, ta dawo ta ce yana nan. Na faɗa wa mai goro ta tsakanin ƙarafan ƙofa, da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Matar ta ci gaba. A ƙarƙashin rigar akwai laya biyu a baƙin zare, ɗaya fatarta ta tsage. A cinyar dama akwai inda ɗan maraƙi ya taka ta. Farcen babban yatsan ƙafa ya taɓa cirewa, ya fito a karkace. Haƙorin gaba na ƙasa yana girgiɗi, jiya ya fara. A tsakiyar kai, in an buɗe kitson, akwai wurin da gashi bai fito ba tun haihuwa. Ta ce kuma kada a yi mata allurar nan ta zazzaɓi mai sa ƙaiƙayi, an taɓa yi mata jikinta ya kumbura. Tana faɗa ina kaiwa, likita na dubawa tana dawowa, ina mayarwa bakin ƙofa. Ban ƙara ko wasali ba, ban rage ba. Ta bi jikin yarinyar nan tun daga ka har tafin ƙafa, ba ta ce "'yata" ba ko sau ɗaya.

Ban san a kan tabo na nawa aka daina jijjiga ƙofar ba. Na dai ɗaga kai na ga mai goro ya cire hula yana share fuska da ita. Na bayansa sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon wani wuri daban.

Na ɗauka an gama. Ashe ba a gama ba.

Likita ta ce yarinyar na zubar da jini ta ciki, sai an ƙara mata jini yanzu-yanzu kafin a iya ɗaukarta zuwa babban asibiti. Mu ba ma ajiye jini. Nata kuma irin wanda ba a cika samu ba ne. Aka gwada nawa, bai yi ba. Aka gwada na babbar nas, bai yi ba. Matar ta miƙo hannu tun kafin in gama fassara mata, aka gwada, ya dace. Sai likita ta auna ta, ta ja fatar idonta ta duba, ta ga fari fat. Sannan ta ce in faɗa wa matar ba za a iya ɗibar jininta ba, wanda ta zubar a titi ya yi yawa, in aka ɗiba ita ma tafiya za ta yi.

A duk shekarun da na yi ina aikin nan ban taɓa ɗaukar magana mai nauyin wannan ba. Na so in rage. Na so in ce ana shiri, a ɗan jira. Na faɗa mata yadda aka faɗa. Ta ce a ɗiba. Na kai. Likita ta ce ba za ta iya ba, tana hawaye. Na mayar. Ta ce a ɗiba duka. Na kai wannan ma.

Na fita titi neman jini. Titin da ɗazu ba wurin sa ƙafa, yanzu ba kowa. Taya na kwance, galan a gefe, takalma warin-wari, ga nono ya haɗu da jini ƙudaje sun taru. Masu shago sun ja ƙofofinsu. Na tsaya a tsakiyar kwalta ina ihu, "Ina mazan? Ɗazu kun iya zubarwa, yanzu ku zo ku bayar!" Mai goro ya zo, tsufa ya hana a ɗibi nasa. Ban da shi, mutum ɗaya ne kawai ya fito daga bayan wata mota, mai biron nan. Ya naɗe hannun riga. Aka gwada, bai dace ba. Ya zauna a ƙasan baranda ya haɗa kai da gwiwa, ni kuwa na tsallake shi na wuce.

An buga waya babban asibiti, an tura mai babur. Kafin ya dawo, wajen la'asar, yarinyar ta cika.

Likita ta fito ta ce mini, "Ki faɗa mata 'yarta ta mutu." Na sake ɗaga hannu. Na ce mai fassara ce ke magana: a nan ba a faɗar mutuwa haka tsirara, kuma a sallami maza daga wurin tukuna. Ta ce in faɗa yadda ya dace, da yawunta. Aka fitar da kowa. Na zauna kusa da matar a kan benci na ce, "Sai haƙuri, 'yar'uwa. Wanda Ya ba da ita Ya karɓi abarSa."

Ba ta yi kuka ba. Na san ba za ta yi ba, ita ma wannan kunyar ta hana. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce, "A cire mata rigar nan. Ta mutane ce."

Na kai wa likita. Muka shiga mu uku. Hannun matar ba ya ɗaguwa, ni na ɓalle maɓallan, likita ta zare rigar, muka rufe yarinyar da ɗankwalina. Ga layun nan biyu a baƙin zare, ɗaya fatarta a tsage. Likita ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Matar ta sunkuya da ƙyar, ta kai bakinta da ya fashe daidai kunnen hagun nan mai tabon ƙuna. Ta kira sunan. Sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, yadda ake tashin yaro da asuba in ba a so sauran su farka.

Likita ta taɓa kafaɗata ta ce, "Me ta ce?"

An koya mini kada in rage komai, kuma tun daga ranar da na kama aikin har na bar shi ban rage ba. Amma wannan ban kai ba. Na ce, "Likita, ba da mu take ba."